Abin da Manyan Makarantu Suke Yi Domin Kare Ƙasa, da Abin da Za Mu Ɗauka Mu Kai Ƙauye

Wannan shi ne jawabin da sashenmu na raya karkara ya gabatar a taron wakilan ikkilisiyoyin ƙauyuka na yankin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Muna roƙo a karanta shi a taron dattawa, da na zumuntar mata, da na matasa.

  Mun san wasu sun fito tun da asuba, wasu a kan babur, wasu a amalanke, wasu a ƙafa, kun bar aiki a gida. Ba za mu ɓata muku lokaci ba.

Abin da ya jawo wannan magana tambaya ce da wani dattijo ya yi mana a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke aiki. Ya kai ɗansa makaranta a Kano, ya ga itatuwa jere a harabar jami'a, ɗalibai suna zaune a inuwa suna karatu, da dare kuma fitilu masu aiki da hasken rana sun haskaka hanya. Da ya dawo sai ya ce mana, "'Ya'yana, su da ba sa noma ga inuwa sun samu, mu da muke cin abinci daga ƙasa ga gonakinmu tsirara. Me suka sani wanda ba mu sani ba?" A ranar ba mu ba shi amsa mai gamsarwa ba. Yau muke so mu amsa, a gabanku duka.

Halin da ƙasarmu take ciki

Ba sai mun faɗa muku ba, kun fi mu sani. Sunan jiharmu ma, wadda aka ƙirƙiro a 1991, daga irin ƙasarmu aka samo shi: jigawa, wato ƙasa mai yashi. Irin wannan ƙasa tana da daɗin huɗa, gero da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo suna sonta, amma ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, kuma in babu abin da ya tare iska sai ta tashi. Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu. Sauran watannin ƙasa tana kwance a fili, hunturu ya share ta, bazara ta gasa ta.

Dattawan da suke nan sun ga farin 1973 da na 1984. Sun ga shanu suna faɗuwa a hanya, sun ga rijiyoyi sun ƙafe. Bayan waɗannan shekaru jama'a ta ƙaru, gonaki suka ƙanƙance saboda rabon gado, aka daina barin saura ta huta. Itatuwa suka tafi wajen girki, da rufin ɗaki, da gawayi, da kai wa kasuwa. Yau iskar da take zuwa gaban hadarin farko tana kwaso yashi ta yanke ƙaramin gero ko ta rufe shi, mutum ya sake shuka sau biyu, wani lokaci sau uku. Matanmu da 'yan matanmu suna tafiya mai nisa neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Wuta-wuta kuma tana yawaita a inda ƙasa ta gaji. Wannan shi ne abin da yake gabanmu.

Abin da ake yi a manyan makarantu

Maganar jami'o'i su kula da muhallinsu ba yau ta fara ba. A 1990 shugabannin jami'o'i 22 sun taru a wani gari mai suna Talwar a ƙasar Faransa, suka sa hannu a takardar alkawari cewa makarantunsu za su koyar da kiyaye ƙasa da ruwa da iska, kuma za su fara aikata abin a cikin harabarsu. Daga baya ɗaruruwan makarantu a duniya suka shiga. Tun 2010 kuma wata jami'a a ƙasar Indunusiya take fitar da jerin jami'o'in duniya kowace shekara, tana auna yawan itatuwan harabarsu, da yadda suke amfani da wuta da ruwa, da yadda suke yi da shara.

A nan kusa da mu ma akwai misalai. A 2019 aka buɗe tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, a ƙarƙashin shirin Gwamnatin Tarayya na samar wa manyan makarantu wuta. An yi ta ne domin a rage dogara ga janareto masu shan dizal da fitar da hayaƙi. A wannan jami'a kuma akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna, wadda aka kafa a 2012. Aikinta shi ne bincike da horarwa a kan noma da kiwo a irin ƙasarmu mai ƙarancin ruwan sama. A Samaru ta Zariya, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana fitar da irin dawa da wake da gyaɗa masu nuna da wuri. Geron nan da kuke kira Sosat, wanda da yawanku kuke shukawa saboda saurinsa, shi ma daga hannun masu bincike ya fito, ta cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri.

A jiharmu muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, da makarantar kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja wadda asalinta kwalejin aikin gona ce, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel a ƙofar gidanmu, inda malaman firamare da yawa na wannan yanki suka yi karatu. 'Ya'yanmu suna cikin waɗannan makarantu. Da kuɗin riɗi da na akuya muke biyan karatunsu. Saboda haka abin da ake koya a can namu ne, muna da haƙƙi mu tambaya a kawo mana shi gida.

To amma mu faɗi gaskiya. Tashar wuta ta miliyoyin kuɗi ba abin da ƙauye zai kwaikwaya ba ne. Abin da za mu iya ɗauka yana wajen itatuwan nan da dattijo ya gani.

Me ya sa itace yake rayuwa a harabar makaranta?

Mu ma mun zauna a irin waɗannan makarantu lokacin da muke karatun difloma, mun sha inuwar dogon yaro da turare. Da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga ba wani asiri ba ne. Abubuwa huɗu ne.

Na farko, shinge. Makaranta tana da katanga ko waya da masu gadi, akuya ba ta shiga yadda ta ga dama, mai gatari ma ba ya shiga.

Na biyu, ruwa. Akwai famfo ko rijiyar burtsatse kusa, ana ba dashe ruwa a ranin farko da na biyu, lokacin da ya fi bukata.

Na uku, mai kula. Akwai wanda aikinsa ke nan, in itace ya mutu an san wanda za a tambaya.

Na huɗu, an san mai shi. Kowa ya san itacen na makaranta ne, ba na kowa da kowa ba.

Duk inda aka rasa waɗannan huɗu, ko a jami'a ne, dashe mutuwa yake yi. Sau nawa muka ji a rediyo an yi bikin dashen itatuwa, manyan baƙi sun zo, an ɗauki hoto, an watse? A koma bayan shekara guda a ƙirga. Wannan laifi mu ma mun yi shi, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Shekarun baya mun kawo dashe a mota muka raba wa wasu ikkilisiyoyi a ƙarshen watan Agusta, ruwa yana shirin ɗaukewa. Ba mu tambayi wa zai yi ban ruwa ba, ba mu yi maganar shinge ba. Muka rubuta a rahoto cewa an dasa kaza. Da muka zagaya a watan Maris, mafi yawansu sun bushe, sauran awaki sun cinye. Wurin da suka rayu guda ɗaya ne, inda wata uwa ta kewaye nata da ƙayar magarya, tana zuba musu ruwan wanke-wanke kowace yamma. Ba ta je kowace makaranta ba, amma abubuwan nan huɗu ta cika su. Tun daga ranar muka daina ƙirga abin da aka dasa, muka koma ƙirga abin da ya rayu.

Darasin shingen itatuwa na gwamnati

Kun san jerin itatuwan nan masu tsawo da gwamnati ta dasa a arewacin Kano da Jigawa domin tare iska, tun daga shekarun 1970, aka ƙara da taimakon Bankin Duniya a ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990. Yawanci turare ne da dogon yaro. Sun yi amfani, domin sun rage ƙarfin iska da tafiyar yashi a gonakin da ke kusa da su. Amma masu bincike da suka auna gero a gefen irin wannan shinge a ƙasar Dambatta sun gano cewa saiwar turare tana shiga gona tana ƙwace ruwa, sai an haƙa rami an datse saiwar kafin geron gefen ya yi kyau. Sun kuma gano cewa in tazarar da ke tsakanin shinge da shinge ta yi yawa, gonakin tsakiya ba sa samun kariya. Manoma da yawa kuma sun ɗauki itatuwan a matsayin na gwamnati da malaman daji, ba nasu ba.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya kuma ta kafa hukumar shirin a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, har da Jigawa. Muna maraba da wannan. In sun zo ƙauyenku da dashe ko rijiya, ku karɓa, ku kuma tambaye su wa zai kula, da wa zai ci amfanin. Amma kada mu naɗe hannu muna jira, domin akwai hanyar da ba ta bukatar mota ko kwangila, kuma maƙwabtanmu na tsallaken iyaka sun riga sun gwada ta.

Abin da ya faru a Maraɗi

A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Irin abin da ya same mu shi ya same shi: yana dasawa, suna mutuwa. Wata rana a 1983 yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya ya rage iskar tayar motarsa domin ya wuce yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gona, irin wanda manoma suke sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyen sai ya gane ashe itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen da saiwar suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna fitar da toho, kowace shekara ana yankewa a ƙone. Ashe dajin bai mutu ba, yana ƙasa.

Ya fara roƙon manoma su zaɓi wasu daga cikin tohon su bari, su rage sauran. Da farko an yi masa dariya, domin a wajensu manomin kirki shi ne mai gona fes. A yunwar 1984 aka haɗa abin da rabon abinci, ƙauyuka da dama suka bar itatuwa a gonakinsu. Da aka daina ba da abinci, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci: ga itacen girki a bakin gona, ga abincin dabbobi, ga gero bai lalace ba. Daga nan abin ya bazu daga manomi zuwa manomi. Suna kiransa sassaben zamani. Masu binciken da suka duba hotunan sama daga baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, wani manomi ɗan Burkina Faso wanda ya farfaɗo da mataccen fili ta hanyar haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Ƙasar Magarya da Dungas tana nan arewa da Maigatari, yashinsu irin namu, ruwan samansu bai fi namu ba, harshensu namu. Yankin Magarya da Matamai da Mirya ya yi suna da yawan gawo a cikin gonaki. Duk ranar Alhamis mutanen can suna cin kasuwar Maigatari tare da mu. Ku tambaye su. Gani ya kori ji, wanda ya sami hali ya je ya gani.

Ku lura, itacen da ya tsiro daga tsohon kututture ya riga ya warware matsalar ruwa, domin saiwarsa ta yi nisa a ƙasa tun kafin a haifi wasunmu. Ba ya bukatar ban ruwa, ba a sayensa, ba a ɗauko shi a mota. Saura abubuwa uku: kariya, mai kula, da sanin mai shi. Waɗannan kuwa suna hannunmu.

Yadda ake yin sa

1. Kafin sassabe, ka zagaya gonarka ka duba abin da yake tohowa: sabara, kalgo, gawo, aduwa, magarya, kurna, bagaruwa, dakwara, ƙirya, marke. Ka zaɓi waɗanda kake so.

2. Ka fara da kututture kamar 40 a hekta guda, a warwatse. In ka ga amfaninsu ka ƙara.

3. A kowane kututture ka bar toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar. Ka yanke sauran.

4. Ka rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon tohon. Kada ka aske shi duka, zai yi laushi iska ta karya shi.

5. Ka yi amfani da adda ko lauje mai kaifi, ka yi yankan daga ƙasa zuwa sama, domin kada ɓawon ya tsage.

6. Ka ɗaura jan tsumma a jiki domin kowa ya san da mai shi. Rassan ƙaya da ka yanke ka kewaye gindin da su.

7. Ka riƙa komawa bayan 'yan watanni kana rage sabon toho. Abin da ka yanke na girki ne, ganyen kuma ka bar wa ƙasa.

Game da gawo muna so mu ɗan tsaya. Kakanninmu ba sa sare shi, kuma suna da dalili. Shi kaɗai ne yake kakkaɓe ganyensa da damina, ya fitar da sabo da rani. Saboda haka ba ya hana gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake yake yi, 'ya'yansa abincin tumaki da shanu ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin da suka kwanta a inuwarsa kuma suna barin kashi a wurin. Duk wanda ya taɓa yankan gero a ƙarƙashin gawo ya san zangarniyar wurin daban take. Abin da ake koya wa ɗalibai a aji ke nan da sunaye masu wuya, tsofaffinmu kuwa sun san shi tun da.

Ramukan taki irin na Sawadogo, waɗanda mutanen Nijar suke kira tassa, sun fi dacewa da faƙo, inda ƙasa ta yi tauri ruwa yake gudu a kai. A yashi mai laushi iska tana cike su. Kowa ya duba irin ƙasarsa kafin ya sha wahala.

Tambayoyin da muka san za ku yi

"Itace zai tara mini tsuntsu." Gaskiya ne tsuntsu yana sauka a kan itace. Amma jan-baki in ya zo da rundunarsa ba ya tambayar gona mai itace ko marar itace. Rage rassa yana rage wurin sheƙa, wasu tsuntsayen kuma fara da tsutsa suke ci.

"Inuwa za ta kashe shuka." Shi ya sa ake rage rassa, shi ya sa kuma ake zaɓe. Dogon yaro da turare na bakin gida ne da bakin hanya da iyakar gona. Tsakiyar gona ta gawo ce da sabara da kalgo.

"Zan raina, wani ya zo da dare ya sare." Wannan ita ce babbar tambaya. A Nijar ma abin bai yi ƙarfi ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ƙauyuka kuma suka kafa dokokinsu. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Sai an zauna da mai unguwa da dagaci, da maƙwabtanmu Musulmi, da Fulani makiyaya, da malamin daji na ƙaramar hukuma, a yi magana guda. Iska ba ta san gonar wane ba, yashin da ya tashi daga gonar maƙwabcinka a taka zai sauka. Makiyayi kuma ba abokin gaba ba ne a wannan aiki. In aka bar masa burtali da mashaya, aka yarda da yadda zai sassaƙo ganye ba tare da ya kashe itacen ba, shi ma yana da riba, takin shanunsa kuma gonarka yake gyarawa.

"Gonar aro nake nomawa." Ka yi magana da mai gonar tun farko a gaban shaidu, a san wa zai ɗauki itace, wa zai ɗauki 'ya'ya. Iyayenmu mata da gwauraye sun fi shiga wannan hali, dattawa ku tsaya musu.

Abin da muke roƙon kowace ikkilisiya

Na ɗaya, mu mai da filin majami'a da na makarantar firamare harabarmu. A kewaye shi, a dasa abin da za a iya ba ruwa, ko guda goma ne: zogale, kuka, tsamiya, dogon yaro domin inuwa. A dasa a watan Yuli bayan ruwa ya zauna, kada a jira ƙarshen damina. Kowane itace a rubuta sunan gidan da zai kula da shi.

Na biyu, a sami manoma biyar a kowace ikkilisiya da za su gwada sassaben zamani a gefe guda na gonarsu wannan shekara. Gefe guda kawai, domin a kwatanta da ɗayan da kaka, dami da dami.

Na uku, a buɗe littafi. Sakataren ikkilisiya ya rubuta abin da aka dasa da abin da aka raina, a watan Afrilu kuma a sake ƙirgawa a rubuta abin da ya rayu. Wannan lamba ta biyu ita za mu nema in mun zo.

Na huɗu, zumuntar mata ta ɗauki maganar murhu. Murhun laka mai kewaye tukunya yana riƙe zafi, yana cin itace kaɗan fiye da murhun duwatsu uku a fili, hayaƙinsa ma bai kai ba. Yumɓu da kashin jaki da hannu kawai yake bukata, ma'aikatanmu a shirye suke su nuna. A kuma riƙa tsince leda, domin tana kashe awaki in sun haɗiye, tana hana ruwa shiga ƙasa.

Na biyar, ɗalibanmu. Ku da kuke Gumel da Haɗeja da Dutse da Kafin Hausa da Kano da Zariya, in kun zo hutu kada ku zo da sabon wando kawai. Ku shiga sashen aikin gona ko na gandun daji na makarantarku, ku gaishe da malamai, ku tambayi irin da ya dace da yashi, ku tambayi yadda ake renon dashe a leda. Wanda zai rubuta aikin bincikensa na shekarar ƙarshe, ga gonar mahaifinsa, ya auna geron ƙarƙashin gawo da na fili, ya kawo mana sakamakon da Hausa. Ku kuma zauna da kakanninku ku rubuta sunayen itatuwan da suke nan a da, da amfanin kowanne, kafin masu sanin su tafi. Ku da za ku zama malaman firamare, yaron da kuka ba itace guda ya raina tun yana aji uku ba zai manta ba.

Kammalawa

Baba da ya yi mana tambaya yana nan zaune tare da mu, ga amsarmu. Baba, ba su san wani abu da ba ku sani ba. Sun kewaye, sun ba da ruwa, sun sa mai kula, sun san mai shi. Ku kuma kuna da abin da ba su da shi, wato saiwar da iyayenku suka bari a ƙarƙashin gonakinku, wadda take fitar da toho kowace shekara. Ba za a ga inuwa a shekarar farko ba. A ta biyu za a fara samun itacen girki daga rassan da aka rage, a ta uku zuwa ta biyar itacen zai wuce tsawon mutum. Muna roƙo wannan bazara, kafin a sa adda, kowa ya sunkuya ya duba abin da zai yanke.

Bayan cin abinci za mu fita gonar da ke bayan majami'a, mai ita ya ba mu izini, mu gwada a kan kututture biyu ko uku kowa ya gani da idonsa. Wanda ya zo da adda ya riƙo ta. Wakilai kuma kada ku tafi sai kun ba sakatare sunayen manomanku biyar, ko ku aiko da su kafin ƙarshen wata.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.